Ƴan makarantar Asawase da rafin Aboabo

Asawase unguwa ce a birnin Kumasi, cikin ƙasar Gana. Hausawa sun daɗe a Kumasi, tun zamanin fataucin goro, kuma da yawansu suna zaune a wannan unguwa. Kusa da ita akwai wani rafi da ake kira Aboabo. Ba kamar gulbin Maraɗi yake ba, wanda ke ƙafewa da rani, domin a Kumasi damina biyu ake yi a shekara. In an yi ruwa mai ƙarfi, rafin yakan cika har ya shiga gidajen mutane.

Wata rana malamin aji shida ya zana rafin a kan allo. Ya nuna mafarinsa a arewacin gari, wajen Pankrono. Ya ce daga nan yake gangarowa kudu, ya haɗu da rafin Sisa. Ruwansu ya faɗa kogin Oda, Oda ya faɗa Ofin, Ofin ya faɗa Pra, shi kuwa Pra ya shiga teku a garin Shama.

Sai ya tambaya: "Yadda rafin nan yake a mafarinsa, haka yake a bayan gidajenku?"

Wani yaro ya ce: "A'a, Malam. A nan ya fi faɗi, don kwatoci da ƙananan rafuka suna zuba masa ruwa a hanya."

Wata yarinya ta ce: "Amma a can sama ya fi gudu, Malam, don akwai gangare."

Malam ya ce: "Littafi ya ce sau da yawa kogi yana ƙara gudu in ya yi ƙasa, ko da ido yana ganin kamar a kwance yake, saboda ruwa mai zurfi ba ya yawan gogar duwatsu. Amma namu rafin cike yake da leda da shara. Wa ya san abin da suka yi masa? Ku rubuta zatonku, mu je mu auna."

Suka zaɓi wuri uku: ɗaya kusa da mafari, ɗaya a Aboabo, ɗaya kuma dab da mahaɗarsa da Sisa. Kowane wuri sai mai gada, don ba wanda zai sa ƙafa cikin ruwan. Ruwa ne mai dauɗa, akwai fasassun kwalabe a ƙasa.

Kayan aikin ba su da tsada. Don auna faɗi, za su ƙulla igiya, ƙulli ɗaya a kowane metir, su miƙa ta bisa gada daga gaɓa zuwa gaɓa. Don auna zurfi, za su zura gora mai alamun santimetir a gefen dama, da tsakiya, da gefen hagu.

Auna gudun ruwa ya fi daɗi. Za a auna metir 10 a bakin gaɓa. Yaro ɗaya ya jefa ɓawon lemu, wani ya duba agogo har ɓawon ya kai ƙarshe. In ya yi sakan 20, ke nan ruwan yana tafiyar rabin metir a kowane sakan. Sau uku za a jefa, a haɗa lokutan a raba da uku, domin ɓawo yakan maƙale a shara ya ɓata lissafi. A kowane wuri kuma Malam zai ɗebo ruwa da guga ya zuba a kwalba. Kwalaben za su kwana a aji, da safe a ga wadda ta fi tara laka a gindi.

Sai gardama ta tashi a kan rana. Wasu suka ce a je wuri ɗaya kowace Asabar, don tafiyar da nisa. Shugabar aji ta ce: "In aka yi ruwan sama tsakanin Asabar da Asabar fa? Ba za mu san ko wurin ne ya sa ruwa ya ƙaru ko hadari ba." Kowa ya ga gaskiyarta. Aka tsai da rana ɗaya cikin watan Disamba, bayan damina ta biyu ta ɗauke. Malam ya rubuta wa iyaye takarda, ya kuma roƙi biyu daga cikinsu su raka su.

Kalmomi
mafari: la source
gaɓa: la rive
faɗi: la largeur
zurfi: la profondeur

Tambayoyi
1. Waɗanne koguna ruwan Aboabo yake bi kafin ya kai teku?
2. Don me ake jefa ɓawon lemu sau uku?
3. Ɓawo ya yi tafiyar metir 10 cikin sakan 5. Metir nawa yake yi a sakan ɗaya?
4. Wane gulbi ko ƙorama ya fi kusa da garinku? Ina ruwansa yake zuwa?