Barcin Katin Wi-Fi da Yadda Ake Maganinsa

Daga cikin koke-koken da masu gyaran kwamfuta suka fi ji, akwai na mutumin da laftof ɗinsa ke tafiya lafiya lau da intanet muddin tana jone da wuta, amma da zarar an zare caja sai murya ta riƙa yankewa a tsakiyar kira, alhali kuwa alamar Wi-Fi tana nan cike, ba ta ragu da komai ba. Galibi akan ɗora wa kamfanin sadarwa laifi, ko a ce rauta ta tsufa. Sau da yawa kuwa illar tana cikin kwamfutar, domin katin da ke kama Wi-Fi barci yake yi, kuma direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da shi, ita ce ta ba shi izini.

Mas'alar daɗaɗɗiya ce, gama tun a ƙa'idar 802.11 ta farko, wadda IEEE ta fitar a 1997, aka halatta wa kati ya kashe rediyonsa idan ba shi da abin aikawa, bisa sharaɗin ya sanar da rauta cewa zai kwanta, ita kuwa ta riƙe masa saƙonninsa amana. Sa'an nan a cikin shelar da take yi wajen sau 10 a kowane sakan takan ambaci masu ajiya a wurinta, shi kuma ya farka a kan kari ya saurara, in ya ji an ambace shi ya nemi abinsa. Tsari ne mai hikima matuƙar kowane ɓangare ya cika alkawari. Idan kuwa rauta ta zubar da ajiyar, ko direba ya makara wajen tada katin, to nan jinkiri ke shigowa, kuma kiran murya da na bidiyo su suka fi shan wuya, don ba su jure jira.

Akwai barci na biyu da ba a cika sani ba, wanda ake kira ASPM, inda hanyar da ta haɗa katin da babban allon da ke cikin kwamfuta ita ma take kwanciya. Wasu katunan Realtek an san su da nauyin tashi daga gare shi, har Wi-Fi ya ɓace ɗungum.

To, kada ka yanke hukunci sai da hujja. Ka tura ping, wato ɗan saƙon gwaji, zuwa laftof ɗin daga wata na'ura dabam da ke kan rauta ɗaya, ba daga ita kanta ba, domin katin da ke aikawa ya riga ya farka, shaidarsa ba ta karɓuwa. Idan amsa tana zuwa wani sa'i nan take, wani sa'i kuma ta haura milisakan 100, sa'an nan ka kashe tanadin wutar, wato barcin katin, ka ga ta daidaita, to ka kama mai laifi.

A Linux, umurnin iw dev wlan0 set power_save off yana kashe barci na farko nan da nan, sai dai sunan katinka yana iya saɓawa da wlan0, kuma umurnin ba ya wuce sake kunna kwamfuta. Mai son abin ya dawwama sai ya nemi layin wifi.powersave a saitin NetworkManager, wanda Ubuntu ke zuwa da shi a kan 3, ya mai da shi 2. A Windows kuwa, cikin zaɓuɓɓukan wutar lantarki akwai sashen katin Wi-Fi, mai saiti biyu, ɗaya na lokacin caji, ɗaya na lokacin batir. Na batir ɗin ake ɗagawa zuwa Maximum Performance.

Amma ban ga maslaha a kashe shi baki ɗaya ga kowa ba, musamman a garuruwanmu inda wuta kan ɗauke ba sallama, batir kuwa shi ne jarin ɗalibi da ma'aikaci. Ka fara da sabunta direban katin da manhajar rauta, domin aibin yakan gushe da haka kawai. Kwamfutar tebur, ko ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi da ke jone da wuta dare da rana, ba ta da wata fa'ida a wannan barci, a kashe mata shi ba tare da shakka ba. Mai laftof kuwa ya kashe shi sa'ad da zai shiga kira ko taron bidiyo, in ya gama ya mai da shi yadda yake.