Sikirif Ɗina Ya Kusa Sa a Goge Kwamfutar Albashi

Wannan na ƙannenmu ne 'yan ND I na sashen kwamfuta da ke shirin fita SIWES. A wata na uku na nawa SIWES ɗin, oga ya ba ni wani aiki da na ɗauka na rabin yini ne. Ma'ajiyar sabobin kamfanin ta kusa cika, yana son jerin duk VM ɗin da suka kwana 90 a kashe don a goge su. Ga wanda bai kai wannan darasi ba, VM kwamfuta ce da ke zaune cikin wata kwamfutar. Saba ɗaya ita ce gidan haya, VM kuwa 'yan haya, kowa da ɗakinsa. Ko an kashe VM, fayil ɗin diski ɗinta na nan yana cin wuri.

Kamfanin VMware yake amfani da shi, don haka na buɗe PowerCLI. Tuntuɓen farko bai ɗauke ni minti goma ba: na rubuta Get-VM, sai jan rubutu ya cika allo. Ashe kwamfutar da aka ba ni akwai kayan Hyper-V a ciki, kuma shi ma yana da umarni mai wannan suna. Maganinsa ka kira naka da cikakken sunansa, VMware.VimAutomation.Core\Get-VM. Ku kuma riƙe cewa Hyper-V yana cewa Off, VMware kuma PoweredOff. Sannan a VMware hali uku ne, akwai Suspended, wato wadda aka dakatar ba a kashe ba. In ka ce a kawo maka duk wadda ba PoweredOn ba, ka kwaso har da su.

Samun jerin waɗanda ke kashe abu ne mai sauƙi. Wahalar ita ce tun yaushe. Babu wani gurbi a bayanan VM da aka rubuta ranar kashe ta. Sai dai ka shiga kundin abubuwan da suka faru na vCenter ta hanyar Get-VIEvent, ka nemo VmPoweredOffEvent na ƙarshe. Haka na yi, na kwatanta ranar da kwana 90 baya, jeri ya fito tsaf. Har na fara jin kaina.

Allah Ya taimake ni, kafin in tura sai na karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Na ga wata VM da na tabbata da idona na ga ma'aikacin akanta yana aiki a kanta makon da ya wuce. Ita ce ta lissafin albashi. Na duba gurbin rana a gabanta: babu komai. Na duba sauran: duka babu komai. Jerin da nake taƙama da shi babu rana ko ɗaya a ciki.

Abu uku ne suka haɗu, kuma sai da na kwana biyu kafin na warware su.

Na farko, Get-VIEvent idan ba ka gaya masa adadi ba, guda 100 kawai yake kawowa. Ni kuwa sau ɗaya na kira shi don duka sabobin. A wurin da ake shiga da fita da ɗaukar kwafin ajiya kowane dare, 100 ba ta kai ko'ina ba. Ana gyara wannan da -MaxSamples, ko a tambayi kowace VM daban da -Entity, sai dai ka yi haƙuri don yana jan lokaci.

Na biyu ya fi ciwo. Tun daga vCenter 6.0, idan ba a canza saitin ba, kwana 30 kawai ake ajiye wannan kundi. To ka ga tambayar oga ma kundin ba zai iya amsa ta ba. VM ɗin da ta yi kwana 90 a kashe, labarin kashe ta ya daɗe da gogewa.

Na uku shi ne irin namu na gida. Makon da ya gabata an ɗauke wuta da dare, janareta bai tashi ba, batirin UPS ya ƙare, saba ta mutu farat ɗaya. Kuma vCenter ɗin kansa VM ne a kan wannan sabar, ka ga mai rubuta kundin ya tafi tare da kowa. Da wuta ta dawo, waɗanda aka saita su tashi da kansu suka tashi. Ta albashi ba a saita ta ba, sai ta zauna a kashe, ba tare da wani ya rubuta an kashe ta ba.

Yanzu ga inda laifina yake. A PowerShell, idan ka kwatanta $null, wato babu komai, da wata rana ta amfani da -lt, amsar True ce. Sikirif ɗina ya ɗauki "ban samu rana ba" a matsayin "ta daɗe sosai". Ga tsofaffin VM amsar ta yi daidai bisa dace, shi ya sa jerin ya yi kama da gaskiya. Ga ta albashi kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma babu jan rubutu ko ɗaya da ya gargaɗe ni. Wallahi sikirif ɗin da ya tsaya da kuskure ya fi wannan sauƙi, don shi aƙalla ka san akwai matsala.

Gyaran da na yi: kafin kowace kwatantawa sai sikirif ya duba ko akwai rana. In babu, ya rubuta "ba a sani ba" ya ware ta gefe. Waɗannan na bi su cikin ma'ajiya ina duba ranar da aka taɓa fayil ɗin vmware.log na ƙarshe, tunda VM na rubutu a cikinsa lokacin da take aiki. Alama ce mai ƙarfi, amma ni ba zan goge kayan mutane a kanta kaɗai ba. Na kuma haɗa wani ƙaramin sikirif da ke tashi kowace safiya ya zuba sunan kowace VM da halinta cikin fayil ɗin CSV. Bayan wata uku kana da tarihinka na kanka, ko an ɗauke wuta ko ba a ɗauke ba.

Da na kai wa oga, na ce, "Yallaɓai, jerin biyu ne, kuma na biyun ya fi tsawo." Ya daɗe yana kallon sunan ta albashi, sannan ya ce a tura wa shugabannin sassa kowa ya sa hannu a kan nasa kafin a taɓa komai. Har na gama SIWES sashe biyu ba su dawo da takardar ba, VM ɗinsu na nan inda suke.