Darasi Na Tara: Agajin Wanda Ya Ji Mummunan Rauni Kafin A Isa Asibiti

Duk wanda ya saba bin titunan Sakkwato da hantsi, ko ta shataletalen Dandima, ko ta bakin Babbar Kasuwa, ko can Kwannawa inda manyan motocin Gusau ke shigowa gari, ya san abin da kan faru idan mota ta kaɗe ɗan kabu-kabu. Kafin a ce kwabo jama'a sun yi dafifi, wani na salati, wani ya ruga neman ruwa, majiya ƙarfi kuwa sun ciccibi mutum, wannan da hannu wancan da ƙafa, sun cusa shi a mota. Ba mai shakkar kyakkyawar niyyarsu, domin malamanmu na fiƙihu sun tabbatar cewa ceton ran da ya kusa halaka wajibi ne a kan wanda ya sami iko. Amma fa niyya kaɗai ba ta tsayar da jini, kuma sau da yawa wanda ya tsira daga haɗarin, ɗaukar gaggawa ce ke ƙarasa shi.

Da farko a sa mutum ya tsai da motoci, kada a yi biyu babu. Sa'an nan a nuna mutum guda a ce, “Alhaji, kai kira 122,” watau lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ko kuwa 112, domin idan aka ce “a kira” kowa zai zaci wani ya kira.

Sai ka durƙusa ka yi masa magana: “Malam, kana ji na?” In ya amsa, to, numfashi na fita. In bai amsa ba, dubi ƙirjinsa ko yana ɗagawa, ka cire abin da ka gani a fili cikin bakinsa, domin harshen wanda ya suma yakan koma baya ya toshe maƙogwaro, alhali ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da minti huɗu ko biyar. A nan nake roƙon mai karatu, don Allah kada a ɗura masa ruwa, ko da ya roƙa. Ruwan yakan bi hanyar iska ya shaƙe shi, kuma la'alla likita na bukatar cikinsa wayam kafin a yi masa tiyata.

Jinin da ke jikin babban mutum kimanin lita 5 ne kacal, saboda haka idan yana tsartuwa, ko ya jiƙe tufa yana malala a ƙasa, babu abin da ya fi tsai da shi muhimmanci. Sa hannunka cikin leda, ka ninka rawani ko gyale ko kowane ƙyalle mai tsabta, ka danne bakin raunin da ƙarfinka, ka dawwama a haka minti 10 ba tare da ɗagawa don leƙe ba. In ƙyallen ya jiƙe, ɗora wani a kansa. Ƙasa da toka da baƙin mai, waɗanda wasu ke zubawa, ba su haifar da kome sai ruɓa da ciwon tatanas. In kuwa hannu ne ko ƙafa ya dagargaje har danna ta gaza, a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, ban da igiya ko waya, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta sa'ar da aka ɗaure, kada kuma a kwance sai a gaban likita. Ƙarfe ko wuƙar da ta nutse a jiki a bar ta inda take, ita ce murfin ramin. Idan mace ce ta ji rauni, babu wata mace kusa, namiji ya agaza mata tare da kiyaye suturarta, domin shari'a ta yi sauƙi a wurin lalura.

Yanzu ga babbar magana. A cikin ƙashin wuya da na gadon baya akwai laka, wadda ita ce ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, kuma mai yiwuwa ne ƙashin ya tsage amma lakar tana nan lafiya, har sai da aka ɗaga mutum kansa na reto, ko aka zaunar da shi a kan babur tsakanin mutum biyu, sa'an nan tsagaggen ƙashin ya datse ta, mutumin da ya kamata ya koma sana'arsa ya zama sai an kwantar sai an tayar. Don haka duk wanda ya faɗo daga babur ko bene, ko yake kukan wuya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa ya riƙe shi da hannu biyu, kai da wuya da jiki su miƙe ɗoɗar. In amai ya taso masa, a mirgina shi gefe gaba ɗaya kamar gungume. In kuma motar asibiti ba ta samu ba, a nemo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum huɗu su ɗora shi a kai bisa umarnin mai riƙe da kan. Gaɓar da ta karye a tallafe ta da katako ko kwali yadda aka same ta. Ƙashin da ya huda fata ya fito kuwa ba na maɗori ba ne, na asibiti ne.

A nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, kada tsoron a riƙe ka ya hana ka. Dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar agajin gaggawa, ta 2017 kuma ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Da isarka ka shaida wa ma'aikata yadda abin ya auku, da ko ya suma, da sa'ar da aka yi ɗauri, kuma in kana da lafiya ka ɗan dakata, wataƙila a nemi mai ba da jini kafin danginsa su iso.