Yadda Za Ka Saka Python A Tsohuwar Kwamfuta Mai Windows 7

Da yawa daga cikin masu koyon Python da waya suke farawa, sai daga baya su samu wata tsohuwar kwamfuta ta gwanjo ko wadda yayansu ya ajiye. Matsalar ita ce, idan Windows 7 ke kanta, da ka shiga python.org ka danna babban maɓallin saukewa, abin da zai ba ka ba zai shiga ba. Tun daga Python 3.9 aka daina tallafa wa Windows 7. Wanda kake buƙata shi ne Python 3.8.10, na watan Mayun 2021, domin shi ne na ƙarshe a jerin 3.8 da aka fitar da fayil ɗin sakawa na Windows.

Kafin ka sauke komai, duba irin kwamfutar. Danna Computer da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Properties. A nan za ka ga ko 32-bit ce ko 64-bit, kuma ko akwai Service Pack 1. Idan babu shi, sai ka fara saka shi, in ba haka ba Python zai ƙi shiga. Wani lokaci ma yana nan amma sakawar ta tsaya. Mafi yawanci sabuntawar KB2533623 ce babu, ko wata da ta maye gurbinta.

Fayil ɗin bai kai megabayit 30 ba, saboda haka da wayarka ma za ka iya sauke shi. Shiga sashen Windows na python.org, ka gangara zuwa 3.8.10, ka ɗauki wanda ya dace da kwamfutarka, sannan ka tura shi ta wayar caji.

Da ka buɗe shi, kada ka yi gaggawar danna Install Now. A can ƙasa akwai wani ɗan akwati da aka rubuta Add Python 3.8 to PATH, kuma ba ya zuwa a cike, kai za ka sa masa alama. PATH jerin wurare ne da Windows ke lekawa duk sanda ka rubuta sunan wata manhaja. Idan Python ba ya cikin jerin, yana kan kwamfutar amma Windows zai ce bai san shi ba. Nan ne sababbin masu koyo suka fi yin tuntuɓe, har wasu su ɗauka kwamfutar ce ta gaza.

Bayan an gama, buɗe cmd ka rubuta:

python --version

Idan ya nuna Python 3.8.10, an wuce wajen.

Wajen rubuta lambobinka kuwa, ba na ba da shawarar VS Code a irin wannan kwamfuta. Yana cin RAM, kuma tun 2022 ya bar Windows 7, a sigar 1.70 ya tsaya. IDLE da ke zuwa tare da Python ya ishi mai farawa. In kana son wanda ya fi shi kyan gani, ga Thonny, wanda ke da fayil na musamman mai ɗauke da Python 3.8 a cikinsa.

Shi pip ba zai wahalar da kai ba. Idan ka rubuta pip install pandas, da kansa zai zaɓo sigar ƙarshe da ke aiki da 3.8, wato 2.0.3. Inda za ka yi hattara shi ne darussan YouTube na yanzu. Umarnin match, alal misali, a Python 3.10 ya shigo. Ka kwafe shi zuwa 3.8, SyntaxError za ka gani ko da ba ka yi kuskuren harafi ɗaya ba. Sai ka mayar da shi if da elif.

Ka kuma sani cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Python 3.8 kuma wa'adinsa ya ƙare a Oktoban 2024. Don koyo babu laifi, amma kada ka shiga asusun bankinka da wannan kwamfutar. Idan 64-bit ce kuma ka fara sabawa, saka mata Linux Mint Xfce: ba shi da nauyi, ana ci gaba da sabunta shi, kuma da Python 3 yake zuwa, sai dai a can python3 za ka riƙa rubutawa.