Abin da Ƙasa Ta Ɓoye: Darasi daga Durɓi ta Kusheyi

Duk wanda ya taɓa leƙa sabuwar rijiya ko ramin da ake ɗibar ƙasar gini ya ga ƙasa hawa-hawa take: rairayi a sama, wata kala a tsakiya, wata kuma can ƙasa. A wannan makon mun yi nazari kan yadda masu binciken kayan tarihi ke karanta waɗannan hawa don sanin rayuwar mutanen da.

Dokar farko

Abin da ke ƙasa ya riga na sama zuwa, kamar dai jujin bayan gida: sharar bara tana ƙarƙashin ta bana. Shi ya sa masana ba sa kafta diga yadda suka ga dama. Suna ja igiya su raba wurin gida-gida, su kankare ƙasa kaɗan-kaɗan da cokalin magina da buroshi, su tankaɗe ta da rariya. Ko tsingaro aka samu sai an auna zurfinsa, an ɗauki hotonsa, an rubuta lambarsa kafin a ɗaga. Amma gara da ɓeraye da masu tonon rami kan cakuɗa hawan, don haka dole a lura.

Sanin shekaru

Gawayi da ƙashi da itace suna ɗauke da wani sinadari, kabon-14. Da zarar abu ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa, rabinsa na ƙarewa a shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya saura, sai a ƙiyasta shekarun. Da haka aka gane kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, ya kai shekara 8,000.

Durɓi ta Kusheyi

Wannan wuri yana kusa da Mani a Jihar Katsina, kuma tuddai ne da aka binne manyan mutanen da. Wani Bature mai suna Palmer ya fara tono a 1907, sannan a 1992 masana daga Jamus da Najeriya suka tona tuddai uku. An samu wuri da duwatsun wuya da mundayen tagulla da na hauren giwa da 'yan kunnen zinariya, har da tasa mai rubutun Larabci. Awo ya nuna wani kabarin tun ƙarni na 14 yake. Wuri daga teku yake zuwa, ba a samunsa a ƙasar Hausa. Ke nan tun a lokacin fatake na haɗa kakanninmu da ƙasashe masu nisa.

Adanawa

Abin da ya daɗe a binne, iska da rana na iya lalata shi cikin ɗan lokaci. Saboda haka masanan ba su zare kayan ɗaya-ɗaya ba. Sun yanko su tare da ƙasarsu a dunƙule, daga baya aka kai su birnin Mainz na Jamus, inda aka buɗe su a hankali a ɗakin bincike.

Ina ruwanmu?

A ƙasar Gumel muna da kufai da tsofaffin rijiyoyi, kuma manoma kan tono tukwane da tsingaro. Wasu kan fasa tukunya suna neman dukiya, alhali dukiyar ita ce labarin da suka ɓata. Wurin da aka tona sau ɗaya ba ya komawa yadda yake. Idan mun ga irin wannan, kada mu ɗauke, kada mu wanke, kada mu sayar. Mu sa alama, mu gaya wa malamin tarihi ko mai unguwa, don a sanar da hukumar kula da kayan tarihi.

Tambayar mako: an samu gawayi a zurfin mita 1, tsingaro a mita 3. Wanne ya fi daɗewa, kuma me zai iya sa amsar ta canza? A jefa amsa a akwatin ƙungiya kafin Juma'a.