Baƙin da Ke Zuwa Ƙauye Don Koyarwa

Kun san fatake, kun san 'yan ci-rani, kun kuma san almajirai. Dukansu sukan bar gida su tafi wata ƙasa. Falke riba yake nema, ɗan ci-rani abinci, almajiri kuwa ilmi. To, akwai waɗansu matafiya da za mu karanta labarinsu yau. Su sukan bar ƙasarsu ne don su kai wa mutanen wata ƙasa abin da suka sani. Ba wanda ya tilasta su, su suka sa kansu. Shi ya sa ake kiran aikinsu aikin sa-kai. Kada ku haɗa su da 'yan sa-kai masu gadin gari da bindiga. Waɗannan alli da littafi ne kayan aikinsu.

Yadda Abin Ya Faro

A shekarar 1958 wani Bature mai suna Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa wata ƙungiya a Ingila, ana kiranta VSO. Shi Dickson ya taɓa aikin wayar da kan jama'a a ƙasar Gana, ya san zaman ƙauye. Waɗanda suka fara aikawa ba su kai mutum ashirin ba, yara ne matasa da suka gama makaranta. Daga baya ƙungiyar ta koma aika waɗanda suka ƙware a aikinsu, kamar malamai da ma'aikatan asibiti.

A shekarar 1961 kuma Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa tasu, ana kiranta Peace Corps, watau Rundunar Zaman Lafiya. A watan Agusta na wannan shekara rukunin farko, mutum wajen hamsin, suka sauka Ankara, babban birnin Gana, don su koyar a makarantun sakandare. Da suka sauko daga jirgi sai suka tsaya suka rera waƙa da harshen Twi, ɗaya daga cikin harsunan ƙasar. Bakinsu bai faɗa daidai ba, amma mutane sun ji daɗi, don sun ga baƙin sun yi ƙoƙari. A cikin shekarar nan aka aiko waɗansu Nijeriya, a 1962 kuma aka aika waɗansu Nijar.

Kada ku zaci Turawa kaɗai ke wannan aiki. A shekarar 1987 gwamnatin Nijeriya ta kafa nata shiri, ana kiransa TAC. Takan aika malamai da likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashe irin su Gambiya da Uganda da Jamaika, su yi shekara biyu su komo. Ashe ɗan ƙasarmu ma yakan zama baƙo mai koyarwa a ƙasar wani.

Zamansu a Ƙauye

Mai aikin sa-kai na Amurka yakan yi shekara biyu a wurin da aka kai shi. Kafin nan sai ya yi wajen wata uku yana koyon harshe da al'adun mutane. Waɗanda aka kai Nijar da yawa sun koyi Hausa, waɗansu Zabarmanci. Ba a biyansu babban albashi, sai ɗan abin da zai ishe su ci da sha. Sukan zauna a ɗakin ƙasa, su ci tuwo, su sha fura, su ɗebi ruwa a rijiyar gari. Mutanen ƙauye sukan raɗa musu suna irin nasu.

Ayyukansu iri iri ne. Wani yakan koyar a makaranta. Wani yakan taimaka wajen lambu da renon itatuwa. Wata takan zauna da mata ana auna nauyin jarirai, ana nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai zawo.

Amma a watannin farko baƙo ba ya iya kome sosai. Bai san gaisuwa ba, bai san wanda ake fara zuwa wurinsa ba, bai san ranar kasuwa ba. Idan mai hankali ne, sai ya fara da gaida mai gari da liman da dattawa. Ya zauna a dandali ya saurara. Ya tambaya kafin ya ba da shawara. A wannan lokaci mutanen gari su ne malamansa.

Wasiƙar da Ta Ta Da Ƙura

Ga abin da ya faru a Ibadan cikin watan Oktoba na 1961. Wata budurwa daga cikin baƙin Amurka ta rubuta wa wani abokinta wasiƙa a kan kati, irin wanda ba a sa shi cikin ambulan. A ciki ta faɗi irin ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani, cikin kalmomin da suka yi kama da raini. Katin bai kai gidan waya ba, ya faɗa hannun ɗaliban jami'a. Suka kwafe shi, suka rarraba, suka yi taro suna fushi. Labari ya kai jaridun duniya. Yarinyar ta ba da haƙuri, amma dole ta bar ƙasar.

Ku lura da wannan. Ta zo da niyyar taimako, tana da ilmi kuma. Amma ta ga rashin mutane kafin ta ga mutuncinsu. Wanda ya raina ka ba ya iya koya maka kome, don ba za ka saurare shi ba.

Labarin Kurkunu

Tsofaffi a cikinku sun san kurkunu. Mutum yakan kamu da shi idan ya sha ruwan tafki ko kududdufi, don a cikin ruwan akwai waɗansu ƙananan ƙwari masu ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Bayan wajen shekara guda sai tsutsa ta ɓullo, yawanci a ƙafa. Sau da yawa takan kwantar da manomi daidai lokacin aikin gona. Ba ta da maganin sha, ba ta da allura.

Da aka yi ƙidaya a Nijeriya wajen 1988, an sami mutum fiye da 650,000 masu ciwon. Aka tashi yaƙi da shi. Gwamnatoci da ƙungiyoyin waje suka kawo ƙyallen tace ruwa, aka haƙa rijiyoyi. A ƙasashe irin su Nijar da Gana baƙi masu aikin sa-kai sun bi ƙauyuka suna nuna yadda ake tace ruwa.

To, amma wa ya ɗauki nauyin aikin kullum? A kowane ƙauye aka zaɓi mutum daga cikin 'yan garin. Shi ke bin gida gida yana duba ƙyallen tacewa. Shi ke hana mai ciwo shiga tafki, don kada tsutsa ta zuba 'ya'yanta a ruwa. Shi ke rubuta sunan duk wanda ya kamu a littafi, ya kai wa ma'aikacin lafiya. Ku duba, da bai iya karatu da rubutu ba, da wa zai riƙe littafin nan? A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaida cewa kurkunu ya ƙare a Nijeriya da Nijar. Gaskiyar masu magana, da ɗan gari akan ci gari.

Baƙo Raɓa Ne

Kome daɗewar baƙo, wata rana zai tafi. Wani lokaci ma tafiyar takan zo ba shiri. A watan Janairu na 2011 'yan bindiga suka sace waɗansu Faransawa biyu a Yamai, aka kashe su. Cikin 'yan kwanaki Amurka ta kwashe masu aikin sa-kanta duka daga Nijar, bayan kusan shekara hamsin ana aikin.

Ku yi tunanin ƙauyuka biyu a irin wannan rana. A na farko baƙo ne ke riƙe da mabuɗin ɗakin karatu, shi ke gyara famfo, shi ke lissafin kuɗin lambu. Ran da ya tafi, kome ya tsaya. A na biyu kuwa baƙo ya koya wa mutum uku gyaran famfo, ya koya wa wata mata riƙe littafin kuɗi. Ran da ya tafi an yi kewarsa, amma ruwa bai yanke ba. Wanne ne a cikinsu ya yi aikin kirki?

Idan Baƙo Ya Zo Garinku

Ku karɓe shi da mutunci, ku koya masa harshenku da gaisuwarku. Ku gaya masa abin da ya fi damunku da bakinku, kada ku ce masa to alhali ba ku yarda ba. Kada ku ɗauke shi buhun kuɗi, don yawancinsu ba su da shi. Abin da ya fi kome, ku sa mutum biyu ko uku su riƙa binsa, su koyi duk abin da yake yi, su rubuta shi.

Ku ma kuna da abin bayarwa. Baƙin nan sun ƙetare teku. Kai kuwa da ka iya haɗa baƙi da wasali, akwai ƙauye kusa da naku inda ake neman mai karanta wasiƙa. Ba ka bukatar jirgi, ƙafa ko keke ya isa. In ka je, ka fara da gaisuwa, kada ka raina kowa, kuma ka bar wani ya iya kafin ka komo.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin sa-kai?
2. A wace shekara aka kafa shirin TAC na Nijeriya?
3. Don me ɗaliban Ibadan suka yi fushi a 1961?
4. Yaya ake kamuwa da kurkunu, yaya kuma ake kare kai?
5. Wane aiki ɗan gari ya yi a yaƙin kurkunu?

Aikin Rubutu

Rubuta abu uku da kake so baƙo ya koya wa garinku. Sa'an nan ka rubuta abu uku da garinku zai koya wa baƙo. Ka kawo su aji ran zama mai zuwa.