DARASI A KAN JINYAR YARO MAI AMOSANIN JINI

 Darasinmu ya shafi wata amana da ke kwance cikin ɗakunanmu, wato yaron da aka haifa da amosanin jini, cutar da likitoci ke kira sikila. Ba baƙuwa ba ce a Tsarnawa da Malbaza da Illela, kuma sau da yawa jinkirin iyaye ya fi cutar kanta ɓarna.

Asalin cutar

Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya masu taushi ne, suna yin kwana kamar 120 suna aiki. Na mai sikila kuwa sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan ne ciwon ƙashi da ƙarancin jini suke tasowa. Idan jini ya yi kaɗan sai zuciya ta ninka aikinta har ta gaji, idan kuma toshewar ta auku cikin huhu sai numfashi ya gagara. Ashe ke nan cutar jini ce mai taɓa zuciya da huhu.

Gadonta ake yi daga uwa da uba baki ɗaya. Idan kowannensu yana ɗauke da jinin da ake kira AS, to a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai cutar. Saboda haka ba maita ba ce, ba aikin iskoki ba ne, kuma zalunci ne a ɗora wa uwa laifi ita kaɗai.

Jinyarsa a gida

Na farko, ruwa. A riƙa shayar da shi tsabtataccen ruwa tun bai nema ba, musamman da bazara, domin ƙishirwa tana tayar da ciwon.

Na biyu, sanyi. Da hunturu, lokacin da muke cikin aikin albasa, kada a tura shi ban-ruwa da asuba. A rufe masa jiki, a yi masa alwala da wanka da ruwan ɗumi.

Na uku, sauro. Zazzaɓin cizon sauro yana cinye ɗan jinin da ya rage masa. Ya kwana cikin gidan sauro, kuma ya sha maganin kariyar da ake raba wa ƙananan yara wata-wata da damina.

Na huɗu, a cika masa alluran riga-kafi, a ba shi magungunan da likita ya rubuta ko da yana wasa lafiya lau. Kada a saya masa maganin ƙarin jini a kasuwa, kada a yi masa tsaga ko sakiya ko cire beli, gama jinin da zai zuba ba shi da madadinsa.

Alamomin gaggawa

A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi, tari da ciwon ƙirji, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, saifa ta kumbura farat ɗaya a gefen hagu na ciki, ɓarin jiki ya saki ko magana ta karkace. A ƙidaya numfashinsa na minti ɗaya yana kwance. Idan ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko kuwa ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, to huhu ya kamu. Ga asibitin Birnin Ƙonni, ga na Galmi, kuma a Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan cuta. Ya kamata magidanci ya bar izini da kuɗin mota a gida kafin ya fita, don kada uwa ta zauna jiransa yaro yana shiɗewa.

Abin da shari'a ta ce

Neman magani ba ya warware tawakkali. Mu yi wa yaro addu'a, mu kuma kai shi ga masana.

Azumi bai wajaba a kan yaro ba sai ya balaga. Bayan balaga ma Allah Ya yi wa majinyaci rangwame cikin Suratul Baƙara. Idan amintaccen likita ya ce ƙishirwa za ta cutar da shi, sai ya sha, kuma babu mai ikon yi masa gori.

Ba da jini domin ceton rai malamanmu na zamani sun halatta shi. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma jikin baligi mai lafiya yana mayar da shi. Muna kira ga matasan masallatanmu da su zama na farko idan an nema.

Game da aure, a yi awon jini tun kafin a kai gaisuwa, musamman a auren zumunci, wanda halal ne amma yakan haɗa masu jini iri ɗaya. Jihar Kano ma ta mayar da awon kafin aure doka a shekarar 2024. Rabuwa kafin baiko ta fi sauƙi bisa ga kwana a gefen gadon asibiti.

A ƙarshe, kada mu kira yaron nan da sunan da zai karya masa zuciya, kada mu hana shi makaranta. Da kyakkyawar kulawa masu sikila suna girma, su yi ilimi, su yi iyali. Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da Aljanna. Amin.